Manyan ƙurajen fuska da yadda ake maganinsu

1. Abin da muke gani

Ku dubi yayyenku da suka kai shekara 13 ko 15. Da yawa daga cikinsu suna da ƙuraje a goshi, ko a kumatu, ko a haɓa. Waɗannan su ne ƙurajen balaga. A ko'ina cikin duniya, wajen samari da ƴan mata 8 cikin 10 sukan yi su. Yawanci ƙanana ne, suna fitowa suna ɓacewa, har mutum ya girma su bar shi.

Amma akwai wasu da ba haka suke ba. Manya ne, masu tauri, masu zafi, suna can cikin fata. Wani yakan kai girman ƙwayar wake, wani ya kai girman gujiya. Sukan yi makonni ba su tafi ba, in kuma sun tafi sai su bar tabo. Irin waɗannan cuta ce sosai, kuma tana da magani a wurin likita. A kansu za mu yi darasinmu na yau.

2. Fata da ramukanta

Ku dubi bayan hannunku cikin haske. Za ku ga ƙananan gasu. Kowane gashi yana fitowa daga wani ɗan rami mai zurfi, kamar ƴar rijiya. A gefen ramin, can ciki, akwai wata ƴar jaka mai yin maiƙo. Maiƙon yana bin ramin ya fito waje, ya shafe fata don kada ta bushe ta tsage.

Jakunkunan maiƙo sun fi yawa a fuska, da ƙirji, da kafaɗu, da gadon baya. Shi ya sa ƙurajen suka fi fitowa a waɗannan wurare. Yanzu ku juya hannunku ku dubi tafinsa. Babu gashi, babu jakar maiƙo. Saboda haka ba za ku taɓa ganin ƙurajen balaga a tafin hannu ko a tafin ƙafa ba.

3. Yadda ƙurji yake tasowa

Abu 4 ne suke haɗuwa.

Na farko, maiƙo yana yawa. In yaro ya fara balaga, jikinsa yakan yi wasu sinadarai da ke yawo cikin jini. Su ne suke sa murya ta buɗe, gemu ya tsiro. Su ne kuma suke sa jakunkunan maiƙo su girma su riƙa aiki fiye da da. Maza da mata duka suna da waɗannan sinadarai, amma na maza sun fi yawa.

Na biyu, bakin ramin yana toshewa. Kullum fata tana zubar da tsofaffin ɓawonta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In suka cuɗe da maiƙo sai su zama kamar laka, su like ramin.

Na uku, ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa. Akwai wasu ƙwayoyi da ke zaune a fatar kowane mutum, ba sa yin ɓarna. Maiƙo ne abincinsu, kuma ba sa son iska. In rami ya toshe, sun sami gida da abinci ke nan, sai su hayayyafa.

Na huɗu, jiki yana tashi faɗa. Jini yakan aiko da sojojinsa su yaƙi ƙwayoyin. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya.

Ku tuna da indararon soro. In yana buɗe, ruwan sama yana zubowa waje. In ya toshe, ruwa yakan kwanta bisa rufi, ya jiƙa ƙasa, ya shiga cikin gini ya ɓata shi. Haka babban ƙurji yake. Abin da ya taru cikin ramin bai sami hanyar fita ba, sai bangon ramin ya fashe ta ciki. Maiƙo da ƙwayoyin cuta su watsu cikin naman fata. Nan ne ƙullutu mai zafi yake samuwa.

4. Ƙurajen iri-iri ne

Akwai masu baƙin kai. Bakin ramin a buɗe yake, abin da ya toshe shi ya yi baƙi. Ba dauɗa ba ce. Iska ce ta sauya masa launi, yadda goro yake sauya launi in an fasa shi an ajiye.

Akwai masu farin kai. Fata ta rufe bakin ramin, sai a ga ɗan tudu ƙarami.

Akwai masu ja da masu mugunya a bisa. Suna ɗan yin zafi, suna warkewa cikin ƴan kwanaki.

Akwai manya masu zurfi. Faɗinsu yakan wuce milimita 5. Wasu ƙullutu ne mai tauri, wasu kuma kamar jaka ce cike da mugunya da jini. Wani lokaci biyu ko uku sukan haɗe ta ƙarƙashin fata. Sun fi kama samari maza, kuma suna bin dangi: wanda uwarsa ko ubansa ya yi su, ya fi kusa da yin su.

5. Tabo

Me ya sa likitoci ba sa wasa da manyan ƙuraje? Saboda tabo. Ƙurji yana warkewa, amma naman da ya ci ba ya komawa yadda yake. Tabon iri 3 ne.

Akwai baƙin tabo, wanda yake kwance daidai da fata. Mu masu baƙar fata mun fi yin sa. Yakan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya dushe. Rana tana ƙara masa baƙi.

Akwai tabo mai rami, kamar zanzanar da cutar agana take bari a fuskar mutanen da. Wannan ba ya tafiya da kansa.

Akwai tabo mai tudu, wanda yake tasowa ya yi kauri, har ya wuce wurin da ƙurjin yake. Ya fi fitowa a ƙirji, da kafaɗa, da muƙamuƙi. Shi ma ya fi samun masu baƙar fata, kuma maganinsa yana da wuya.

Hana tabo fitowa ya fi sauƙi bisa ga gyara shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga manyan ƙuraje sun fara yi masa yawa, kada ya ce sai ya girma su tafi. Ya je wurin likita tun da wuri.

6. Abin da mutane suke faɗi

Wasu sun ce ƙazanta ce take kawo su. Ba haka ba ne. Toshewar tana can cikin rami, inda sabuni ba ya kaiwa. Mai tsabta ƙwarai ma yana yin su.

Wasu sun ce ana ɗaukarsu. Ba a ɗauka. Kuna iya zama benci ɗaya da mai su, ku ci tuwo kwano ɗaya, ba abin da zai same ku. Ba kazuwa ba ce, ba kuturta ba ce.

Wasu sun ce sammu ne, ko baki, ko alamar mugun hali. Wannan zance ba shi da tushe. Mun riga mun ga yadda ƙurji yake tasowa.

Wasu sun ce abinci ne. Abinci shi kaɗai ba ya kawo cutar. Amma likitoci sun lura yawan shan zaƙi, kamar alewa da lemon kwalba, da yawan shan madara, suna iya ƙara ta ga wasu mutane. Rage su yana da kyau, sai dai ba zai warkar da manyan ƙuraje ba.

7. Abubuwan da suke ƙara cutar

Matsawa. Wannan shi ne babban kuskure. Babban ƙurji ba shi da baki. In kun matsa shi, mugunya ba ta fitowa waje, ciki take ƙara nutsawa. Kumburi ya ƙaru, tabo ya tabbata. In kuma aka huda shi da allura, ko ƙaya, ko reza, an buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyin cuta da suka fi na farko sharri. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya fi haɗari shi ne ƙurjin da yake kan hanci da leɓen sama, don jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Gurzawa. Dirje fuska da soso mai kaushi, ko toka, ko gishiri, ko lemon tsami, ko man goge haƙori, duk yana ƙona fata ya ƙara baƙin tabo.

Mai mai kauri. Man kitso da man shafawa masu nauyi suna like ramukan fata. Shi ya sa wasu ƴan mata suke samun ƙuraje jere a goshi, daidai bakin gashi.

Man sauya launin fata. Da yawa daga cikin mayukan da ake sayarwa a kasuwa don a yi fari suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi, dangin kortizon. Kwanakin farko yakan kwantar da kumburi, mutum ya ga kamar ya sami sauƙi. Daga baya sai ƙuraje su fito fiye da da, fata ta yi siriri, ta yi zane-zane. Wanda ya daɗe yana shafa shi, ya faɗa wa likita gaskiya, don a nuna masa yadda zai bar shi.

Maganin tebur. Kafson da ake saya wurin masu yawo da magani a kai, a sha kwana 2 a bari, ba ya warkar da cutar. Koya wa ƙwayoyin cuta yake yi su saba da magani, har ran da ake bukatarsa ya ƙi ci.

8. Yadda likita yake yin magani

Likita zai duba fuska da ƙirji da baya. Zai tambayi shekaru, da daɗewar cutar, da abin da aka taɓa sha ko shafawa. In mace ce mai aure, zai tambaya ko tana da ciki. In cutar ta yi tsanani, likitan gari yakan ba da takarda a je babbar asibiti, inda ake samun likitan fata. Magani hawa-hawa ne, kamar matakala.

Mataki na farko, tsabta mai sauƙi. A wanke fuska sau 2 a yini, safe da dare, da sabuni marar zafi da tafin hannu. A tsane ta da tsumma mai tsabta, ba tare da gurzawa ba. In an yi gumi sosai lokacin bazara, a ɗauraye da ruwa.

Mataki na biyu, maganin shafawa. Akwai feroksid na benzoyil, mai kashe ƙwayoyin cuta. Ku sani yana cin launin tufa da zanen gado. Akwai adafalen da ƴan'uwansa, masu buɗe ramukan da suka toshe. Da dare ake shafa su, kaɗan, ga dukan wurin da ƙuraje suke fitowa. Mai ciki ba ta shafa adafalen.

Mataki na uku, maganin sha mai kashe ƙwayoyin cuta. Wanda aka fi bayarwa shi ne dokisisikilin. Ana shansa wata 3 zuwa 4, tare da na shafawa. A sha shi da ruwa cike da kofi, kada a kwanta nan take, don yana iya ƙona maƙogwaro. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, saboda yana ɓata haƙoran da suke tsirowa. Ga mata kuma, likita yana iya ba da wasu ƙwayoyi masu rage ƙarfin sinadaran balaga.

In akwai ƙullutu guda babba mai zafi, likitan fata yana iya yi masa ƴar allura a cikinsa. Cikin ƴan kwanaki sai ya saɓe. In ya tara mugunya da yawa, likita ne zai buɗe shi da kayan aiki masu tsabta. Wannan ba aikin wanzami ba ne, ba kuma na aboki ba.

Mataki na huɗu, babban magani. Sunansa izotiretinoyin. Dangin bitamin A ne. An fara sayar da shi a Amurka cikin shekarar 1982, kuma shi ya sauya yadda ake maganin manyan ƙuraje. Yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙo, ya hana ramuka toshewa, ya rage ƙwayoyin cuta da kumburi. Wato yana taɓa dukan abubuwa 4 da muka lissafa. Ana shansa kullum tare da abinci mai ɗan mai, yawanci wata 4 zuwa 6. Likita yana auna nauyin mutum kafin ya yanke yawan da zai sha. Mafi yawan waɗanda suka gama shi fatarsu takan kwanta, da yawa kuma cutar ba ta komo musu da ƙarfi.

9. Dokokin babban magani

Wuƙa mai kaifi tana aiki da kyau, tana kuma yanka mai riƙe da ita. Izotiretinoyin yana da dokoki, ba a ƙetare su.

Mace mai ciki ba ta shansa ko ƙwaya guda. Yana lalata halittar jariri: ƙwaƙwalwa, da zuciya, da fuska, da kunnuwa. Yana kuma sa ɓari. Macen da za ta sha sai an gwada an tabbata ba ta da ciki. Dole ta kiyaye ɗaukar ciki tun wata 1 kafin ta fara, da dukan lokacin shan, da wata 1 bayan ta gama. Mai shayarwa ma ba ta sha.

Ba a ba wani saura. Ko ƴar'uwarka ta roƙe ka, kada ka ba ta. Wataƙila tana da ciki ba ta sani ba.

Mai shansa ba ya ba da jini a asibiti, har wata 1 bayan ya gama, don kada a sa wa mai ciki jinin.

Ba a haɗa shi da dokisisikilin, ba a haɗa shi da ƙwayoyin bitamin A.

Ana gwada jini kafin a fara da kuma cikin shan, don a duba hanta da kitsen jini.

Leɓe zai bushe ya tsage, fata da ido da cikin hanci su ma su bushe, wani har ya yi haɓo. A ƙasarmu bushewar ta fi tsanani lokacin hunturu. Man kaɗe ko basilin a leɓe yana taimakawa. A guji zama cikin rana tsaka, a sa malafa.

In mai shan ya ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinsa ya dushe, ko baƙin ciki ya rufe shi, ya tsayar da magani ya koma wurin likita ran nan.

10. Haƙuri

Ga misalin abin da yakan faru a ɗakin likita, bayan mako 2 da fara magani.

Yaro ya ce: "Likita, maganin nan bai karɓe ni ba. Dubi, wasu ma sun ƙara fitowa."

Likita ya ce: "Yarona, in babanka ya shuka hatsi yau, jibi yake yin girbi?"

Yaro ya ce: "A'a, sai kaka ta yi."

Likita ya ce: "To, haka wannan yake. Waɗanda kake gani yanzu sun daɗe da farawa a ciki. Ci gaba da sha yadda na rubuta, ka cire hannunka daga fuska, ka komo ranar da na sa maka."

Gaskiyar likita ce. Maganin ƙuraje yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauƙi, wata 3 kafin a ga aikinsa sosai. Masu bari a tsakiya su ne suke cewa cutar ba ta da magani.

Akwai kuma wani ciwo da ba a gani da ido. Mai manyan ƙuraje yakan ji kunya. Wani ya daina ɗaga hannu a aji, wata ta riƙa rufe fuska da gyale, wani ma ya ƙi zuwa makaranta. Kada ku yi masa dariya, kada ku laƙaba masa suna. Bai jawo wa kansa ba, kuma ba ku san wanda zai yi su baɗi ba. Ku faɗa masa abin da kuka koya yau, ku ƙarfafa shi ya gaya wa iyayensa su kai shi asibiti.

Abin riƙewa

Ƙurji yana tasowa in maiƙo ya yi yawa, rami ya toshe, ƙwayoyin cuta suka yaɗu, wuri ya kumbura. Manyan ƙuraje masu zurfi suna barin tabo, don haka a je wurin likita da wuri. Ba a matsawa, ba a hudawa, ba a shafa man sauya launi, ba a shan maganin tebur. Magani yana son haƙuri. Izotiretinoyin likita kaɗai yake rubuta shi, kuma mai ciki ba ta shansa.

Kalmomi cikin harsuna biyu

ƙurajen balaga: l'acné
fata: la peau
maiƙon fata: le sébum
mugunya: le pus
tabo: la cicatrice
tabo mai tudu: la chéloïde
likitan fata: le dermatologue
takardar magani: l'ordonnance
feroksid na benzoyil: le peroxyde de benzoyle
dokisisikilin: la doxycycline
izotiretinoyin: l'isotrétinoïne

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙurajen balaga ba sa fitowa a tafin hannu?
2. Ku faɗi abubuwa 4 da suke haɗuwa su kawo ƙurji.
3. Ina kamar da ke tsakanin indararon da ya toshe da babban ƙurji?
4. Tabo iri nawa ne? Wane ne yake dushewa da kansa?
5. Me yake faruwa in an matsa babban ƙurji?
6. Don me mai shan izotiretinoyin ba ya ba da jini?
7. Abokinku ya sha magani kwana 10 ya ce zai bari. Me za ku ce masa?

Lissafi

Wani saurayi yana da nauyin kilo 50. Likita ya ce daga farko har ƙarshe zai sha miligiram 120 ga kowane kilo na nauyinsa. Miligiram nawa ke nan gaba ɗaya? In yana shan miligiram 40 kullum, kwana nawa zai yi? In wata kwana 30 ne, wata nawa ke nan? Wannan lissafi don koyo ne kawai. Yanke yawan magani aikin likita ne.

Aiki

Ku zana ramin gashi sau 2 cikin littafinku: ɗaya a buɗe, ɗaya a toshe. Ku nuna gashi, da jakar maiƙo, da bakin rami, ku rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci. In kun koma gida, ku karanta wa yayyenku sashe na 7, gobe ku kawo mana tambayoyin da suka yi muku.